Jirgin linzami da iskar hunturu: abin da ke sa waya ta saki, da yadda ake yi ranar gasa

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin koyar da aikin ƙarfe ne a nan wajen Jega, ni da abokaina huɗu mun haɗa ƙananan jiragen nan masu tashi da waya biyu, waɗanda mutum ke tsayawa tsakiya yana juyawa da su. Nawa injin cc 4 ne, nauyinsa kilo ɗaya, na sa masa waya mita 21 don an ce min doka ta yarda da hakan, kuma yana yin zagaye guda cikin sakan shida da rabi. Da damina lafiya lau muke tashi, amma tun da hunturu ya shigo sau biyu iska na turo min shi ciki, waya ta saki, ya daki ƙasa. Ga shi mun sa gasa tsakaninmu a watan Janairu. Wani ya ce in ƙara dalma a bakin fiffike, wani ya ce in karkatar da bindin sosai. Don Allah mece ce mafita?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ƙara basira. Wallahi na ji daɗin tambayar nan, don ban zaci akwai masu wanga wasa har mutum biyar a wajen Jega ba. In na fahimce ka abu biyu kake tambaya duk da ka haɗe su wuri guda, na farko me ke sa waya ta saki in iska ta taso, na biyu wace dabara mutum zai yi ya gama tashinsa gaban alƙalai bai koma gida da jirgi cikin buhu ba. Bari in faɗa maka tun yanzu, shawarwari biyun da aka ba ka babu wadda ta taɓa inda ciwon yake. Ciwon yana cikin lambobin da ka rubuto da hannunka, mita 21 da sakan shida da rabi.

Ni a Yukren na koyi abin nan lokacin ina karatun injiniya, can wasan na da ƙarfi ƙwarai, har injuna da jiragen da ake zuwa gasar duniya da su suke ƙerawa. Gasar da na shiga ta ƙananan kulob ce, da na dawo gida kuma na ci gaba da tashi a fadamar Birnin Kebbi in ruwa ya janye. Hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, wadda ke Lozan a Suwizalan, ta kasa wasan gida-gida, manyansu huɗu ne. F2A gudu ne zalla, injin cc 2.5 amma yana kaiwa wajen kilomita 300 a awa. F2C tsere ne, mutum uku cikin da'ira guda. F2D faɗa ne, kowa na neman yanke zaren takardar da ke bindin jirgin abokin karawarsa. F2B kuwa shi ne na salo da alkafura, shi na yi, shi kuke yi, kuma duk abin da zan faɗa a kansa ne, masu gudu da masu tsere nasu lissafin daban. Tun da wani Ba'amurke Jim Walker ya fito da jirginsa Fireball kasuwa a 1940 tsarin bai canza ba: mariƙi a hannunka, waya biyu, ƙarfe mai kusurwa uku a cikin jirgi, sanda ta tafi zuwa marfin bindi. Shi ya sa nake ce masa jirgin linzami. Doki ne, muddin linzami ya yi sako-sako to ba kai ke tuƙi ba, ko da kuwa hannunka na kan mariƙi.

Daga ina jan wayar yake zuwa

Ɗaura dutse a igiya ka wulwula, za ka ji yana janka waje, in ka ƙara sauri ya ƙara ja, in ka rage igiyar ta lanƙwashe. Kusan duk jan da kake ji a mariƙi daga nan yake, dalma da karkatar bindi ɗan ƙari ne kawai. Kuma jan ba ya bin sauri ɗaya bayan ɗaya, in sauri ya ninka biyu ja ninki huɗu yake yi, in sauri ya ragu da kwata ja ya kusa raguwa da rabi. Riƙe wannan, don shi ne dukan labarin.

To mu auna naka. Da'irar mita 21 kewayenta mita 132 ne, ka raba da sakan shida da rabi, mita 20 ke nan a sakan. Jirgi mai kilo ɗaya a wannan saurin da wannan tsawon, jan da yake yi bai cika kilo biyu ba. Yanzu a ce ka yanke wayar ta dawo mita 18, ka saita inji yana zagaye cikin sakan biyar, kewaye ya zama mita 113, sauri wajen mita 22 da rabi, ja ya kusa kilo uku. Wani zai ce ai kilo ɗaya ne kacal bambancin, amma ka tuna in jirgi ya hau saman kanka nauyinsa ƙasa yake jawo shi, wato wajenka, sai a ɗebe kilo ɗaya daga cikin jan. Kai saura ƙasa da kilo guda ke nan, mai mita 18 kuwa saura kusan biyu. Ka ga tun kafin iska ta sa baki kana bakin rami.

Gaskiya ne doka ta ce daga mita 15 zuwa 21.5, amma wancan tsawon na manyan jirage ne masu injin cc 10 ko makamancinsa. Wayar kanta iska na riƙe ta, tana yin baka a bayan jirgi, kowace mita ka ƙara kaya ka ɗora wa ƙaramin inji. Mita 18 ta ishe ka, in iska ta yi yawa ma ka ajiye wata mai mita 17 a jaka. Kuma ka duba kaurinta, mai 0.38 na milimita ita ta dace da irin naka, in ka sa mai kauri don tsoron tsinkewa nauyi da riƙon iska ka ƙara.

Da'irar fuska huɗu gare ta

Matan da ke shiƙa a masussuka sun riga mu sanin wannan, ba wadda ke ɗaga ƙwarya sai ta san inda ƙaiƙayi zai nufa. Kai ma kafin a tada inji ɗebi ƙasa ka watsa sama, ka ba iska baya, ka fuskanci inda ƙurar ta tafi. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, don haka kudu maso yamma za ka kalla. Jiragenmu hagu suke kewayawa, wato a gabanka daga dama yake zuwa ya wuce hagu. In yana hannun damanka iska na bindinsa, yana gudu amma yana son nutsewa. In ya zo gabanka iska waje take tura shi, waya ta ɗame, nan ne gidanka, nan ake duk wani salo. In ya kai hagu ya yi gaba da gaba da iska, sai ka ga yana ɗagawa da kansa kamar an hura shi, gudunsa a ƙasa kuma yana raguwa. In ya kai bayanka, wato ɓangaren da iska ke fitowa, nan take turo shi ciki.

Ka lura da sharrin jerin nan. Jirgin ya gama kokawa da iska a hagu, ta cinye masa gudu, ta kuma ɗaga shi sama in ba ka danne ba, sannan a daidai lokacin da ya fi rauni ya shiga wurin da ake turo shi ciki. Mita 20 a sakan ta koma 15, kilo biyu ya koma ɗaya da 'yan kai, ga iska ta samu gefen jiki da ƙarƙashin fiffiken waje tana ɗagawa. Ban ga faɗuwarka ba amma zan iya cewa duka biyun tsakanin hagunka da bayanka suka faru, kuma jirgin ya ɗan yi sama kafin wayar ta saki. In ba haka ba ne ka gyara min.

Maganin a hannu yake. Da ya doshi hagu ka ɗan danne hanci tun kafin ya ɗaga, da ya doshi dama ka ɗan tallafe, kaɗan-kaɗan, ba fizga ba. A ɓangaren iska kada ya wuce tsayin kafaɗarka, mita ɗaya da rabi da doka ta ce a yi tafiyar kwance a kai ita ce ma mafi aminci, don iskar da ke kusa da ƙasa ta fi ta sama laushi. Tsoro ke sa sabon shiga ya hau sama wai yana gudun ƙasa, alhali can ne ake kashe shi. Sannan kada ka miƙe hannu gaba ɗaya, bar gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe don ka samu abin janyewa, ƙafa kuma ta zama a shirye. Da ka ji mariƙi ya yi shakwaf ka ja da baya da sauri, taku uku huɗu, in ta kama gudu ne ka ruga, amma mariƙin ya tsaya daidai, kada ka karkata shi sama ko ƙasa. Mutane da yawa suna ɗaga hannu sama don firgita, wayar na ɗamewa sai jirgi ya karɓi umarnin gaba ɗaya ya yi alkafura ya soki ƙasa. Ni ma haka na rasa jirgina na biyu, wani tsoho a kulob ɗinmu ya tattaro min guntayen bai ce komai ba sai nuna ƙafafuna da ya yi. In jirgi na rigingine kuma kewayen ya juya, hagu ta zama dama, amma bayanka dai shi ne bayanka.

Dalma, bindi da farfela

Yanzu shawarar abokanka. Dalmar bakin fiffiken waje aikinta guda ne, ta rama nauyin wayar da ke rataye a fiffiken ciki. Jirgi irin naka giram 15 zuwa 25 ya ishe shi, 'yar dalmar da masunta ke sa wa koma ma ta yi. In babu ko kaɗan to lallai ka sa. Amma in ta yi yawa, duk sanda ka karya kwana sai fiffiken waje ya faɗa kamar ƙyauren da hinjinsa ya saki, jirgin ya yi tangaɗi, wayar ta yi fizga ta saki, a cikin iska kuwa abin ninkuwa yake. Karkatar da bindi ma haka, kaɗan ba laifi, da yawa kuwa jirgin zai riƙa tafiya a karkace kamar kaguwa, a kwance ka ji ja ka yi murna, amma gudu yake ci, da ka hau sama sai ka nemi jan ka rasa. Mun dawo kan maganar farko ke nan, duk abin da zai rage gudu ba abokinka ba ne. In jikin jirgin na falle ne ka sa wasa guda, ɗan zoben ƙarfen nan na noti, ƙarƙashin kunnuwan inji na gaba ya ɗan kalli waje, digiri ɗaya ko biyu, ya wadatar.

Abin da ba wanda ya gaya maka kuma na fi zarginsa bayan tsawon waya shi ne murɗewar fiffike. Ka ce da damina lafiya lau. To hunturu busar da katako yake, ledar rufi ta ja ta wani gefe, jirgin da ya kwana jingine da bango wata guda ba shi ne wanda ka haɗa ba. Tsaya bayansa ka daidaita ido da bindi ka duba bakin baya na fiffiken biyu ko sun yi layi ɗaya. Sannan a sama ka sa wani ya tsaya wajen da'ira ya duba maka: in fiffiken waje na sama yana tafiya daidai, ya koma ƙasa in yana rigingine, murɗewa ce, a gyara da ɗumin ayan ko a ɗan lanƙwasa marfin fiffike. In kuwa ƙasa yake a duka biyun, dalma ce ta yi yawa. Sama a duka biyun, ta yi kaɗan.

Wurin daidaiton nauyi, ɗora shi kan yatsu biyu, ya tsaya wajen kashi ɗaya cikin biyar na faɗin fiffike daga gaba. Jirgi mai nauyin baya da iska kamar ɗan maraƙi ne, ko'ina tsalle. Giram goma a hanci kan kwantar da shi, haka ma matso da wayoyin biyu kusa da juna a jikin mariƙi, don rawar hannunka ta daina isa bindi duka. Inda wayoyin ke fita a bakin fiffike kuma ya kasance ɗan baya kaɗan da wurin daidaiton, in naka na matsawa ne ka gwada milimita uku-uku, kada ka wuce haka a tashi guda.

Farfela ita ce giyar jirgi, kamar ta mota. Mai 9x6, wato tsawo inci 9 murɗi inci 6, kamar babbar giya ce, in iska ta tura jirgi sai ya zarce ba birki, in ya fuskance ta ya kasa ja. Mai 9x4 da inji na kuka sosai kamar ƙaramar giya ce a kan tudu, tana ja in an danne ta, tana riƙewa in an tura ta. Ga injin cc 4 ita nake sawa. Sai ka ɗan rufe allurar mai har zagaye ya dawo sakan biyar, amma ka auna da agogo, don in ka rage mai tanki zai daɗe bai ƙare ba, kuma a F2B minti bakwai ne gaba ɗaya, wanda ya wuce ya rasa makin sauka. Wani abu kuma, in bututun shaƙar tanki yana kallon gaba, iska na hura shi in jirgi ya fuskance ta, mai ya yi yawa inji ya yi sanyi daidai inda kake neman ƙarfi. Haɗa shi da salansa da ɗan tiyo, magana ta ƙare. Masu batir sun huta da wannan, nasu na'urar ke riƙe juyin farfela, har Igor Burger na Sulobakiya, wanda ya ci gasar duniya a 2012 da 2014, ya yi wadda ke jin jirgi ya rage gudu ta ƙara masa wuta da kanta.

Duk waɗannan abu guda ake taɓawa a tashi guda, a rubuta a takarda. Kuma a gama su kafin Janairu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar gasa

Ni a wurina zaɓen fili da lokaci ya fi duk saitin da na lissafa. Iska mai ƙarfi da ke tafiya miƙe ba ita ce matsala ba, ana iya lissafa ta. Wadda ta bi ta kan layin dogon yaro ko katangar makaranta ta faɗo tana birgima ita ce mugunya, yanzu ta ɗaga ka yanzu ta sake ka, kuma birgimar kan kai ninki goma na tsayin abin da ta tsallako. Bishiya mai mita goma, ka ba ta mita ɗari in tana ɓangaren da iska ke fitowa. Mutane kan ce mu raɓa bayan itatuwa mu samu sauƙi, nan ne kuwa aka fi fasa jirgi. Filin idi na bayan gari ko fadama da ta bushe sun fi filin ƙwallon da gine-gine suka kewaye.

Iskar hunturu kuma tana da agogo. Da asuba kwance take, wajen ƙarfe tara zuwa goma ta tashi, ta yi ta bugawa har azahar, sai bayan la'asar ta lafa. Za ka ce to mu yi da yamma, amma tuna ina kake kallo, kudu maso yamma, daidai inda rana take a Disamba da Janairu bayan la'asar. In hazo ya yi kauri ya rufe ta to, in babu kuwa za ka sa jirgi a idon rana ka rasa shi sakan guda, sakan guda kuma mita ashirin ne. Ku fara ƙarfe bakwai ku sha sanyinku, zuwa tara da rabi mutum biyar sun yi zagaye biyu-biyu. Kada dai ku yi murna in iska ta mutu ɗif, don a alkafura ta biyu jirgi kan faɗa cikin iskar da shi da kansa ya dama, sai ya girgiza, maganin shi ne kana yi kana ja da baya taku ɗaya-ɗaya. Wadda ake so ita ce mai kaɗa ganye ta ɗan miƙar da tuta.

Ku yanke iyaka tun kafin a fara, kada sai wanda ke kan gaba a maki ya ce a tsaya, sauran su ce wayo ne. A dokar FAI in iska ta tsaya sama da mita 9 a sakan, wajen kilomita 32 a awa, ana dakatarwa. In ba ku da ma'auni, wannan ita ce wadda ke rausayar da ƙananan itatuwa gaba ɗayansu. Wannan iyakar ƙwararru ce masu manyan jirage. Ku da kilo ɗaya, da kun ga tana kwasar leda da ƙura daga ƙasa tana kaɗa rassa ku zauna ku sha shayi, Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara, jirgin balsa, katakon nan mara nauyi, kuwa ai kayan kara ne. Ku yi ƙuri'a kan wanda zai fara, a zagaye na biyu a juya jerin, don na ƙarshe shi ke gamuwa da iskar hantsi. Alƙalai su tsaya ɓangaren da iska ke fitowa, a bayan matuƙi, in ta juya su ma su matsa.

Wajen tashi, kada a saki jirgi yana fuskantar iska wai don manyan jirage haka suke yi a filin jirgin sama na Ambursa. Shi babba ba waya gare shi ba. Naka in ya tashi daga hagu zai ɗaga nan take ba gudu, ya faɗa ɓangaren iska tsirara. A ajiye shi tsakanin damanka da gabanka, ya fara gudu iska na bindinsa tana kuma tura shi waje, kafin ya kai hagu ya cika. Mai sakin ya ɗan karkata hancin waje, kai kuma ka ja da baya taku biyu da ya sake.

Alkafura uku a jere a nan ake gane wanda ya saba. In ka yi su daidai saitin iska kowace sai ta fi ta baya gudu, ta uku ka ji kamar za a tsinke maka hannu, ƙasa kuma tana matsowa. Ni nakan wuce saitin kaɗan kafin in fara, alkafurar ciki da ake shiga jirgi na tafiya daidai in kai ta ɗan hagu, ta waje da ake shiga daga rigingine in kai ta ɗan dama, yadda a gindin kowace jirgin zai ɗan fuskanci iska ta rage masa. Kuma ka buɗe ta, ka fara jan gindin da wuri, gara alƙali ya rage maka maki don samanta ya wuce digiri 45 daga ƙasa da ka nemi ƙaramar da'ira ka haƙa rami. Tsallaken kai kuwa, wanda jirgi ke miƙewa ya bi ta saman kanka ya sauka ɗaya gefen, daga ɓangaren iska ake fara shi don ta rako shi, in ka fara daga gabanka zai hau ya tsaya cak a sama yana kallonka. Salon da ke kai jirgi can ƙoli, takwas ta tsaye da takwas ta saman kai da mai ganye huɗu ta ƙarshe, su ne masu cin jirgi. Tsakanin salo da salo ana zagaye, in ka ji wata bugawa ta taso ƙara zagaye ɗaya ka bar ta ta wuce, agogo kawai za ka kula. In kuma ka ga ba hali, tsallake salon. Sifili ɗaya ne a takarda, ga sauran maki, ga jirgi, ga zagaye na biyu.

Sauka ita ma da nata. Inji na mutuwa ka sunkuyar da hanci ka nemi ƙasa-ƙasa, ka sa hannu gaban jirgin kana jansa kana takawa baya, musamman in a hagu ya mutu, don nan yake tsayawa kamar shirwa iska ta kwaso maka shi. Ka jawo shi ya wuce bayanka, ya taɓa ƙasa a dama iska na bindinsa, nan ba ya tsalle. Mai taimakonka ya ruga ya dafe shi, na ga jirgin da ya sauka lafiya iska ta kifar da shi yana tsaye bindin ya karye.

Akwai abin da ba na sassauci a kai. Wayar nan ƙarfe ce, kada a yi wasan nan kusa da wayar lantarki ko da kuwa an ce ba wuta, a ƙasashen da ake yinsa an rasa rayuka ta haka. Kafin kowa ya tashi a ja wayarsa da sikeli har ninki goma na nauyin jirgi, haka doka ta ce, naka kilo goma ke nan, a kuma ɗaura mariƙi a wuyan hannu da igiya. Yaran gari kuwa ka san su, ƙarar inji na tashi za su cika fili, ku sa mutum biyu masu tsawa su tsayar da su nesa da da'ira, a kuma lura da masu babur da shanu masu ratsawa. In gasar taku ta ja har bazara, ku sa ido kan guguwa, da kun hango ta tana murɗa ƙura ku riƙe jirgi ƙasa-ƙasa, in hadari ne ya haɗo daga gabas kuwa a naɗe waya tun iskarsa ba ta iso ba.

Sai ƙura. Man zurman da ke cikin man inji yana fita ta salansa ya manne a waya, ƙura ta hau, wayoyin biyu da suka murɗe da juna bayan alkafura sai su riƙa kamewa, ka ba da umarni ya makara, ka ɗora wa iska laifi. Goge su da tsumma da sifirit kafin kowane tashi, ka warware murɗin, kada a ja su a ƙasa. Bakin kafireto ka ɗaure masa ƙyallen safa mai shara-shara, in ba haka ba hunturu guda ya isa ya cinye maka fistin. In ka ji wani ɗan tsat a yatsu kana cikin tashi kada ka saki, busasshiyar iska ce ke tara wa wayar caji, naɗa tef a inda ƙarfe ke taɓa hannu.

Ban riƙe jirginka a hannu ba, kuma jirgi biyu daga zane guda ma halinsu kan bambanta, don haka giram da milimitan da na ba ka wurin farawa ne. Yanke wayar tukuna, sa 9x4, duba murɗewar fiffike, ka tashi sau uku da safe wani na riƙe da agogo. Ka rubuto min sakan nawa yake yi a zagaye, da yadda fiffiken waje ke zama a daidai da kuma a rigingine, daga nan sai mu san ko za a taɓa dalmar.